Kwana Goma Daga Yaushe?

Duk abin da zan manta a duniya, ba na jin zan manta wata ranar Talata da na zauna a kan dogon benci a birnin Kano, takardar likita a hannuna, ina ta shawara da zuciyata ko in faɗi gaskiya ko in yi shiru. Shekaru sun ja yanzu, amma har yau in na shaƙi warin maganin da ake goge daɓen asibiti da shi sai in ji kamar ni za a kira.

A lokacin shekarata shida da aure a Toranke, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Maigidana ma'aikaci ne a Ajingi, yana kuma noma gonar gidansu kamar kowa. Gida ɗaya muke da mahaifiyarsa, wadda duk muke ce wa Inna. Tsakani da Allah matar nan ba ta taɓa yi min gori ba. Abin da take yi ne ya fi gori nauyi a wurina: duk inda ta ji labarin magani sai ta nemo. Yau saiwa, gobe rubutu, jibi wani gari da za a dama da nono. Za ta miƙo min tana kallon gefe, ta ce, "Ungo, Amarya, a gwada wannan ma." Har lokacin Amarya ake ce min, don babu ɗan da za a kira ni da sunansa. Waɗanda aka kawo unguwar bayana da shekara uku duk sun zama Maman wane da Maman wance.

Da muka gaji da jiƙe-jiƙe, sai muka fara zuwa wurin wani likita a Gaya. Shi ya fara sa aka gwada maigidana, aka ce lafiyarsa ƙalau. Aka yi min sikanin, aka ce mahaifa tana nan daidai. Sai ya juya bayan katina ya zana wani abu kamar ƙaramar jaka mai hannu biyu. Ya ce hannayen nan wasu siraran hanyoyi ne da ƙwan mace yake bi ya isa mahaifa, in sun toshe ko shekara nawa za a yi ba za a samu rabo ba, kuma sikanin ba ya nuna su. Akwai wani hoto na dabam: a zuba wani ruwa a mahaifa ta ƙasa, a haska da na'ura, a ga ko ruwan ya bi hanyoyin ya fita. Ya ce ba shi da na'urar, sai dai mu je Kano.

Likitan nan yaro ne a kan maigidana, ɗan mutunci, irin wanda in zai yi maganar mata sai ya sunkuyar da kai kan takarda. Yana rubutu ya ce, "Kwana goma bayan al'ada za ki je, kada ya wuce haka." Sannan ya ɗan yi gyaran murya, ya dubi maigidana. "Malam, kai kuma sai a ɗan yi haƙuri kafin ranar."

"Ai haƙuri shi muke ta yi, likita," in ji maigidana. "Shekara shida ke nan."

Likita ya yi murmushi, muka yi godiya, muka fito. Mu uku, duk mun yi makaranta, kowa ya tashi yana ganin an fahimci juna.

Ni dai ban ga abin tambaya a maganar kwana goma ba. Tun ina 'yar Islamiyya aka koya mana lissafin nan, kuma abin da mace take sa wa ido shi ne ranar da ta samu tsarki, ta yi wanka, ta koma salla. Wannan ita ce ranar da nake riƙewa a kaina kowane wata. In an ce min "bayan al'ada", to bayan ta ɗauke ke nan, me kuma ya rage? Kwana bakwai nake yi. Da na yi wanka sai na ɗauki biro na sa ɗigo a jikin kalandar da ke ɗakina, na fara ƙirga goma daga nan. Maganar haƙuri kuwa, mun yi shi iyakar yinmu. Ko musu ba mu yi ba a kwanakin, har miyar da gishiri ya yi wa yawa ya sha bai ce uffan ba. Sauran zaman aure kuma yana nan yadda yake.

Kafin ranar ta zo, zancen ya gama dangi. Inna ta aika wa 'yan'uwanta na Balan a taya mu da addu'a, ta daka gumba ta raba sadaka. Maƙwabta suna shigowa suna cewa, "Amarya, an ce hoto za a yi miki a birni? Allah ya sa a dace." Lokacin cirar gyaɗa ne, aiki ya yi wa kowa yawa, amma maigidana ya nemi izini a wurin aiki, ya bar gonar, muka kama hanya bayan sallar asuba. Daga Toranke zuwa Gaya, daga Gaya zuwa Wudil, daga can muka shiga birni. Ban iya cin komai ba. Tasbihi nake ja a mota, amma rabin hankalina yana kan zanen nan mai hannu biyu.

Wurin ɗaukar hoton yana da ɗakin jira na mata, maza suna waje a ƙarƙashin rumfa. Mu shida ne a benci. Akwai labule a gefe, bayansa wata nas take zaune tana yi wa kowace tambayoyi kafin a shiga da ita. Babbar mace ce, mai ƙatuwar murya, irin waɗanda aiki ya cire wa nauyin baki. Labulen ba ya tare komai. Ina ji ta ce wa wadda ke gabana, "Yaushe jini ya fara zuwa? Ranar da ya fara nake tambaya, ba ranar da ya ɗauke ba." Matar ta faɗa. Nas ta ce, "Yau tara ke nan, daidai. Tun daga ranar, kin sadu da mijinki?"

Sai na ji kamar an watsa min ruwan randa a baya.

Na sa hannu a cikin hijabi na fara ƙirge da yatsu. Bakwai na al'ada, goma na bayan wanka. Sha bakwai. Na sake ƙirgawa ko zan samu ragi, sha bakwai dai. Tambaya ta biyu kuwa ko lissafi ba ta buƙata.

Matar da ke kusa da ni ta lura. Wata 'yar duma-duma ce mai fara'a, tun zuwanmu take ba mu labarin wannan ne zuwanta na biyu. Ta matso ta ce, "Baiwar Allah, lafiya? Kin yi fari fat."

Na raɗa mata abin da ya faru. Ta yi dariya ƙasa-ƙasa har kafaɗarta na rawa.

"Daga ina kike?"

"Ajingi."

"Tun daga Ajingi? To wallahi in kika faɗa mata haka, gida za ta kora ki, sai wani watan. Ki ce tara kawai. A goshinki aka rubuta?"

"To me ya sa suke tambaya?"

"Wai kada a je da ƙaramin ciki a yi masa illa. Shekararki nawa da aure?"

"Shida."

"Shekara shida bai zo ba, sai a satin nan zai zo? Haba 'yar'uwa. Ki rufa wa kanki asiri, ki yi abin da ya kawo ki."

Ba da mugunta ta faɗa ba, na sani. Kuma maganarta ta zauna min, don ita ce maganar da zuciyata take so. Na tuna Inna da gumbarta. Na tuna gyaɗar da aka bari a gona. Na hango kaina ina shiga gida, mata suna tambaya me hoto ya nuna, ina cewa ba a yi ba saboda ban iya ƙirga goma ba, ni da ake kawo wa takardar asibiti in karanta wa mutane. Na tashi na je bakin ƙofa na leƙa maigidana, yana zaune a rumfa ya haɗa hannu biyu a gwiwa yana kallon ƙasa. Na dawo na zauna. Na sake tashi na sha ruwa. Wata zuciyar ta ce, tara, kalma ɗaya ce, ki faɗa a wuce wurin. Wata ta ce, in kuma akwai fa? In wanda kika yi shekara shida kina roƙo ya iso jiya ko shekaranjiya, yana nan bai kai ƙwayar gero ba, ke kuma ki kwanta da kanki a zuba masa ruwa?

Har aka kira ni ban tsayar da shawara ba. Na zauna a gaban nas, ta karɓi takardata ba ta ko ɗago ba.

"Yaushe jini ya fara zuwa?"

Na buɗe baki da niyyar cewa tara. Allah ne shaidata, da niyyar haka na buɗe shi. Abin da ya fito shi ne, "Sista, ina jin na yi kuskure."

Ta ɗago, ta sauke tabarau kan hanci ta dube ni. "Daga wanka kika ƙirga ko?"

Na gyaɗa kai.

"Ustaziya ke nan. Ba ke ce farau ba. Ku lissafin salla kuke yi, mu lissafin ƙwai muke yi. Maigidan fa, an ce ya ɗaga miki ƙafa?"

"An ce ya yi haƙuri."

"Ya yi?"

Na sunkuyar da kai. Ta ajiye biro ta yi dariyar da sai da matan benci suka yi tsit. Da ta ga hawaye ya taho min, sai ta sassauta murya, ta jawo kujerarta kusa da ni. Ta ce ana yin hoton ne bayan jini ya ɗauke, kafin ƙwai ya fito, shi ya sa ake ƙirgawa daga ranar farko. A kwana sha bakwai ƙwai ya riga ya fito, in an sadu yana yiwuwa wani abu ya shiga, ruwan da hasken na'urar kuma ba su dace da shi ba. Na ce to a yi min gwajin fitsari mana, in babu sai a yi. Ta ce ya yi wuri, ko akwai ba zai nuna yanzu ba.

"Ba cewa nake akwai ba, ƙanwata," in ji ta. "Cewa nake ban sani ba, ke ma ba ki sani ba. Ni kuma ba na aiki a kan ban sani ba. Kira min mijin naki."

Maigidana ya shigo yana gyara hula. Ba ta yi masa kwana-kwana ba, ta kira komai da sunansa, a gabana, labule kuma ga yadda yake. Mutumin nan ya rasa inda zai sa idonsa. Can ya ce, a hankali, "Au, wannan haƙurin yake nufi?"

Wata a benci ta ƙyalƙyale da dariya, ta toshe baki.

A mota, har muka haye gadar Wudil idona yana kan maigidana. Ina jira ya yi faɗa, in samu dalilin yin kuka sosai. Sai kawai ya ce, "Laifin nan, rabi naki, rabi nawa." Ya sayi rake ya miƙo min. Ban sha ba, na riƙe shi a hannu har gida.

Inna tana tsakar gida tana jiran mu. Ko sallama ba mu gama ba ta ce, "To, me ya nuna?" Ɗanta ya ce bari ya leƙa gona kafin magariba, ya fice ya bar ni da ita. Na durƙusa na ce, "Ba a yi ba, Inna. Kwanakin ne ba su yi daidai ba." Ta yi ta tambaya, ina ta kewaye-kewaye, har dai na yi mata bayanin ƙirgen, na tsallake na haƙurin. Ta ƙura min ido. Tsohuwa ce, abin da na tsallake ba sai an faɗa mata ba.

"Wato suna zaton akwai," ta ce.

"A'a Inna, cewa suka yi ba a sani ba."

"To ai shi ke nan. Da an san babu, yanzu ba a sani ba."

Washegari na ɗauki taɓarya zan yi surfe, ta zo ta zare ta daga hannuna. Ta hana ni jan ruwa a rijiya. Ta fara zuba min nama biyu a miya. Nan ne wahalar gaske ta fara, wadda ta fi ta benci.

Kwana goma sha ɗaya suka rage a lissafina, kuma ban taɓa ganin kwanaki masu tsawonsu ba. Shekara shida ina roƙon Allah kada jinin nan ya zo. Yanzu ga shi sai ya zo za a yi min hoton da zan san matsayina, in kuma bai zo ba, to abin da nake nema ne ya samu. Sai in yi sujada in rasa me zan roƙa. In fara "Allah ka kawo", in tsaya. In fara "Allah ka hana", in tsaya. Daga ƙarshe sai dai in ce, "Ya Allah, ka san abin da nake nufi." Zama ya gagare ni. In share tsakar gida, in sake sharewa. In fara ɓarar gyaɗa, in tashi in je in tsaya gaban kalanda kamar wani ya ƙara mata kwana ban sani ba. Warin daddawa ya ɗan tayar min da zuciya wata rana, na yini ina murna a ɓoye, washegari na shinshina ta da gangan ban ji komai ba. Ko marata ta ɗan motsa sai in saki abin da ke hannuna in nufi banɗaki. Inna tana gani, tana yi kamar ba ta gani, ni ma ina yi kamar ban san tana ƙirga sallolina ba.

Ranar da ya kamata ya zo, bai zo ba. Washegari ma haka. Ni da ban taɓa ƙara ko yini ɗaya ba. A rana ta uku na kama kaina ina tunanin suna.

Da la'asar ɗin ranar ya zo, da ciwon mara irin wanda ban saba ji ba, ya kuma fi na kullum yawa. Na daɗe a ɗaki. Da aka kira salla ban fito da buta ba, Inna ta idar da tata ta leƙo ta same ni a bakin gado. Ta fita ta damo kunu mai zafi ta ajiye a gabana, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Sha," ta ce. "Daga yau za ki fara ƙirgen ko? Yau ɗaya."

Na ce, "Yau ɗaya, Inna." Sai a lokacin kukan ya zo.

A rana ta tara muka koma. Wannan karon ba wanda aka gaya wa, kuma an yi haƙurin da likita yake nufi. Nas ɗin nan tana ganina ta ce, "Ustaziyar Ajingi, yau nawa?" Na ce tara, daga ranar farko. Ta ce, "Malam fa?" Na ce ya yi. Ta ba ni maganin rage ciwo, na sa rigar asibiti, na hau wani gado mai sanyi da na'ura a samansa. Na ji sanyin ƙarfe, sannan da aka tura ruwan marata ta murɗa kamar ciwon al'ada ya taru wuri guda. Na damƙe hannun nas ina salati. Ta ce, "Matse, ai hannun ba naki ba ne." Duka abin bai kai daɗewar dafa shayi ba.

Da aka gama ta juyo min da fuskar na'urar. Na ga wani farin abu mai kusurwa uku, ta ce mahaifata ke nan. Daga gefe ɗaya wani siririn zare ya tafi yana lanƙwasa, a ƙarshensa farin ya bazu kamar hayaƙi. "Kin ga nan? Ruwa ya wuce ya zube, wannan a buɗe take." A ɗaya gefen zaren ya ɗan taho ya tsaya cak. Ta ce sauran bayani na likita ne. Likitan Gaya ya duba hoton ya ce ta dama ta toshe, ta hagu lafiya lau, kuma da hanya ɗaya ma ana haihuwa. Wannan karon da ya rubuta magani sai da na sa ya faɗa min komai dalla-dalla, yana gumi ina gumi. Bayan shekara biyu da wani abu Allah ya ba mu 'ya mace.

Amma ba haihuwar ce take dawo min ba in na tuna wannan lokaci. Matar nan ta benci ta yi gaskiya, babu komai a cikina ranar. Da na ce tara, da an yi hoton lafiya, da ba a yi wa kowa illa ba. Na daɗe ina juya wannan a raina, ina cewa to me gaskiyar tawa ta tsinana, ban da wata guda na zullumi da ta jawo mana ni da tsohuwa?

Sai daga baya na gane. Jinin nan ya makara kwana biyu, ya zo da ciwo, ya zo da yawa. Da na yi ƙarya aka zuba min ruwan nan, sannan ya zo a haka, babu likitan da zai iya rantse min cewa al'ada ce. Da har in koma ga Allah ina ganin ɗana ne na zubar da bakina, saboda kunyar komawa gida hannu rabbana. Abin da na koya ke nan: a gaban mai magani, kunya ba ta da wurin zama, in ba ki gane ba ki tambaya, in kin yi kuskure ki faɗa ko za a yi miki dariya. Ranar da jinin ya zo na yi kuka sosai, amma kukan rashi na yi, kuma shi ana gama shi a tashi a sha kunu.